Sana'ar Masaga: Yadda Ake Mai da Fasasshiyar Kwalba Dutsen Ado

Idan kaka ta wuce, an kai dawa da masara rumbu, akwai tambaya guda da takan dami masu gida a ƙasashen Bebeji da Ƙiru da Tudun Wada da Doguwa, watau me samari za su yi kafin ruwa ya sauka. Wanda gonarsa take kusa da ruwan Tiga, ko yake da fadama, ya sami abin yi, gama ga tumatir ga albasa. Saura kuwa sai cin rani a Kano ko Kaduna ko Abuja, waɗansu su komo da ɗan abin hannu, waɗansu su komo hannu wofi. Shi ya sa mukan kawo muku bayanin sana'o'in hannu a wannan shafi.

Sana'ar da za mu duba yau ba a yin ta a ƙasarmu, amma abin da ake yin ta da shi yana nan zube a bayan kowane gida, har yana yanke wa yara ƙafa. Muna nufin fasassun kwalabe, da mutanen da suke narkar da su, su mai da su duwatsun wuya da ƙarau. Wanda ya ji haka zai ce to, ai ga sana'a a ɓagas, tun da yake ba a sayen fasasshiyar kwalba. Kada a yi garaje. Kwalba ita ce abu mafi araha a cikin wannan aiki. Masu tsadar su ne itace, da gwanintar hannu, da kasuwa, kuma a kansu ne za mu fi daɗewa.

Su wane ne Masaga?

A Nijeriya, in ana maganar masu narka gilashi da hannu, Bida ake nufi. Bida tana cikin Jihar Neja, kamar mil 50 kudu maso yamma da Minna, ita ce kuwa babban birnin Nufawa. Ta sami wannan matsayi wajen shekara ta 1857, a zamanin Etsu Usman Zaki. Sarakunanta suka tattara masu sana'a a cikin birni, kowace sana'a da unguwarta da shugabanta. Maƙeran tagulla suna da tasu unguwa, masu gilashi kuma suna da tasu, ana ce da ita Masaga. Da unguwar, da mutanen, da shugabansu, duka da wannan suna ake kiransu.

Su da kansu suna cewa kakanninsu daga ƙasar Masar suka taso, suka biyo ta gabas, suna yada zango wuri wuri har suka iso ƙasar Nufe. Labari ne na baka da suka gāda, kamar yadda mu ma muke da labarun asalin garuruwanmu. Abin da aka rubuta kuwa shi ne, wani Bajamushe mai suna Frobenius ya ga aikinsu a 1911. Wani masani kuma, Nadel, ya zauna cikin Nufawa tsakanin 1934 da 1936, ya bayyana yadda ƙungiyarsu take a cikin littafinsa da ya fito a 1942. Sana'ar gado ce. Ɗa yakan koya wurin ubansa ko baffansa, ba a cika koya wa baƙo ba.

Ƙasarmu ma tana da ɗan hannu a cikin wannan tarihi, ko da yake ba kowa ya sani ba. Masaga ba sa dafa gilashinsu sai da kanwa, ƙasar Nufe kuwa ba ta da kanwa. Daga wajen Borno da Tabkin Chadi ake kawo ta, ta biyo ta Kano. Bature Barth, wanda ya sauka Kano a 1851, ya ƙiyasta cewa kanwar da take ratsa birnin kowace shekara a kan hanyarta ta zuwa Nufe ba ta kasa kaya 20,000 ba, na takarkari da jaki da doki. Babbar hanyar fatake daga Kano zuwa Zariya a wancan zamani ta bi ta Bebeji, nan ne ma Bature Clapperton ya bi a 1826. Yawancin kanwar ta dabbobi ce da miya da taba, amma kaɗan daga cikinta a murhun Masaga takan ƙare.

Bikini, gilashin da aka yi daga yashi

Gilashi ba wani abu ba ne illa narkakken yashi. Wahalar ita ce, yashi shi kaɗai ba ya narkewa sai zafi ya kai wajen digiri 1,700 a ma'aunin zafi. Ku tuna ruwa yana tafasa a digiri 100 ne. Ba wutar itace da za ta kai can. Amma in an gauraya yashin da kanwa, sai ya narke a zafin da bai kai haka ba, wanda wutar itace mai kyau za ta iya bayarwa in ana zuga ta. Aikin kanwa ke nan a gilashi, kusan irin aikin da take yi a tukunyar wake, watau ta sa abu mai tauri ya yi laushi da wuri.

Masaga na dā sun san wannan. Sukan haƙa rami, su gina tanderu a cikinsa, su zuba yashi da kanwa da ɗan kashin maƙera, su yi ta ba shi wuta dare da rana, kwana da kwanaki, ba a barin wutar ta mutu. In ya huce sai a fasa, a fito da dunƙulen gilashi baƙi wuluk mai sheƙi. Shi suke kira bikini. Da shi ake yin baƙin ƙarau wanda tsofaffin matan Nufe da na Hausa suka sani.

Da kwalaben Turawa suka yawaita, sai aikin bikini ya fara ja da baya. Dalili a fili yake. Kwalba gilashi ce da wani ya riga ya sha wahalar dafawa, ga ta kuma da launi iri iri: kore da ruwan ƙasa daga kwalaben lemo da na giya, shuɗi daga waɗansu kwalaben magani, fari fat daga kwalaben man shafawa. Wa zai ƙone itacen kwana da kwanaki a kan abin da zai tsinta a juji? A lokacin Nadel ana aiki da iri biyun. Daga baya aka bar bikini ɗungum, har kusan shekara 50 ba wanda ya dafa shi. Sai a 2019 aka sāke gwadawa, da taimakon wata Ba'amurkiya marubuciya, Lesley Lababidi, da yardar Etsu Nupe Alhaji Yahaya Abubakar. Tsofaffin da suka ga ana yi suna yara su ne suka tuna yadda ake yi, aka kuwa ɗauki aikin a fim. Da an ƙara jinkiri har waɗannan tsofaffi suka kau, da ilmin ya tafi tare da su. A 2021 hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa Bida cikin jerin biranen duniya da aka sani da sana'ar hannu.

A cikin ɗakin aiki

Wanda ya saba da maƙera ba zai ga ɗakin aikin Masaga baƙo ba. Akwai murhu na yumɓu a tsakiya, bakinsa a sama, ana zura masa itace. Akwai zugazugi a gefe. Masu aiki suna zaune kewaye da wutar, kowa da tsinkayensa na ƙarfe masu tsawo, da awartaki, da wani ƙarfe mai faɗi kamar wuƙa na dannawa da gyara siffa. Kayan aikin ke nan. Ba inji, ba lantarki.

Da fari akan wanke kwalabe, a rarraba su bisa ga launi, a farfasa. Mai aiki yakan gasa guntun kwalba a bakin wuta a hankali, gama in aka jefa gilashi mai sanyi cikin wuta gaba ɗaya sai ya tarwatse. Da ya yi laushi sai ya manne a kan tsinken ƙarfe, a yi ta ƙara masa wani a kan wani har ya zama dunƙule, ja wur, yana nauƙi kamar alewa a hannun mai tuƙa ta. Sa'an nan mai aiki ya ɗauki tsinke na biyu, ya jawo zaren gilashi daga dunƙulen, ya naɗa shi a kan tsinken yana murzawa da yatsunsa. Wannan naɗi shi ne dutsen, gurbin tsinken kuma shi ne hujin da zare zai bi. Yakan mai da shi wuta ya yi sumul, ya danna shi da ƙarfen nan mai faɗi, ya mai da shi mulmulalle, ko dogo kamar tsakiya, ko mai kusurwa. In ana son zane, sai a jawo siririn zare na wani launi, fari ko shuɗi, a zagaya shi a jikin dutsen tun yana da zafi, ya nutse ciki.

Da baki abin yana da sauƙi. Amma gilashi ba ya jira. Da an fid da shi daga wuta, kafin a ƙirga goma ya fara tauri. In hannu ya tsaya da murzawa kuwa, sai ya zubo gefe guda. Dole hannun hagu ya yi ta juyawa, na dama yana gyara, ido yana duban launin wutar, gama ba su da ma'aunin zafi, da ido suke ganewa.

Aikin da ya fi ba da mamaki shi ne ƙarau. Ku ɗauki ƙarau na Bida ku duba, ba za ku ga inda aka haɗa bakinsa ba, gama ba a haɗa shi ba. Da ɗan dunƙule mai huji ake farawa, kamar babban dutsen wuya. Sai a zura ƙarfe na biyu cikin hujin, a yi ta juyawa ana buɗawa, ana mayarwa wuta, zoben yana ƙara faɗi yana sirancewa, har ya kai yadda hannun mace zai shiga. A ƙasashen Turai an tono ƙarau irin wannan marar gaɓa, wanda mutanen can suka yi fiye da shekara 2,000 da suka wuce, sa'an nan aka manta yadda ake yinsa. Masu binciken tarihi na can sai da suka dubi aikin mutanen Bida domin su gane yadda kakanninsu suka yi.

Akwai mataki na ƙarshe wanda mai koyo yakan raina, shi ne kuwa yake raba gwani da ɗan koyo. Ba a ajiye dutse mai zafi a iska. Akan binne shi cikin toka mai ɗumi ya huce sannu sannu. Dalili shi ne, in bayan gilashi ya huce ya ƙanƙance alhali cikinsa da sauran zafi, sai ya zauna a ɗaure, ko da ido bai ga tsaga ba. Yau ko gobe, a wuyan wadda ta saya, sai a ji ƙas. Haka kuma ba kowace kwalba take yarda da 'yar'uwarta ba. In an haɗa iri biyu waɗanda ba sa ƙanƙancewa daidai wajen hucewa, dutsen zai tsage a inda suka haɗu. Ba banza ba Bahaushe yake kiran abin da ba ya jure wahala ƙarau.

Zaman mai sana'ar

Yaro a gidan Masaga daga zugazugi yake farawa, kamar ɗan maƙeri. Yana zuga yana kallo. Daga nan a bar shi ya wanke kwalabe ya rarraba, ya gasa guntaye, ya yi ƙananan duwatsu marasa zane. Sai bayan shekaru zai kai ga ƙarau. Ba aikin mutum ɗaya ba ne, gama wuta guda ce take ɗaukar mutane da yawa, kuma ba ta da amfani in an hura ta domin hannu ɗaya. Wannan ya sa tun asali a ƙungiya suke aiki, dangi guda a murhu guda, shugaba yana karɓar aiki yana rabawa.

Aiki ne mai cin jiki. Mutum yana zaune yini guda a gaban wuta, cikin hayaƙi, a garin da yake da zafi ko ba wuta. Ƙuna a hannu ba a ma lissafa ta. Likitoci kuma sun daɗe da sanin cewa yawan kallon narkakken gilashi shekara da shekaru yana kawo yanar ido.

Duk da haka ba zafin wuta ne ya rage ɗakunan aikin Masaga ba, kasuwa ce. Tun ba yau ba suke gasa da kayan waje. Barth ya tarar da duwatsun Banis, wani birni na Italiya, a kasuwar Kano tun 1851. Amma waɗancan gilashi ne, suna da tsada, na Bida suna iya tsayawa kusa da su. Abin da ya karya farashi shi ne roba, da kuma ƙananan duwatsun da injuna suke zubowa buhu buhu daga Sin da Indiya. Ku dubi faifan ɗan koli a kasuwar Tudun Wada ko ta Kwanar Ɗangora, ku lissafa nawa ne a ciki aka yi da hannu. Ko jigida, wadda a dā ake fafe ta daga ƙwaryar ƙwarar kwakwa, yanzu yawancinta roba ce. Yarinya tana son abu mai ƙyalli, marar nauyi, mai araha, wanda in ya tsinke ba za ta yi kuka ba. Ba za mu ga laifinta ba. Amma sakamakon shi ne, mai narka gilashi ya koma dogara ga baƙi masu yawon buɗe ido, da masu sayen kayan gargajiya, da bukukuwan sarauta. Irin wannan ciniki kuwa yau akwai, gobe babu. Samari da yawa na gidajen sun kama wata sana'a.

Ife da Gana

Ba Nufawa kaɗai ba ne. A Ile-Ife ta ƙasar Yarbawa, a wani wuri da ake kira Igbo Olokun, wani masani ɗan Nijeriya, Abidemi Babalola, ya yi tono a 2011 da 2012, ya sami duwatsun gilashi kusan 13,000 tare da tukwanen da aka narka gilashin a ciki. Awon da aka yi ya nuna an yi su tsakanin ƙarni na 11 da na 15, da kayan ƙasar wurin. Saboda haka wanda ya ce Bature ne ya koya wa baƙar fata yin gilashi bai san tarihi ba.

Wadda ta fi shafarmu ita ce hanyar mutanen Krobo na ƙasar Gana, domin ta fi ta Bida sauƙin koyo nesa ba kusa ba. Su ba sa naɗa gilashi a tsinke. Daka kwalba suke yi a turmin ƙarfe har ta zama gari, su tankaɗe. Suna da waɗansu 'yan faifai na yumɓu masu ramuka, kamar tandar waina amma ƙanana. Akan shafe ramukan da farar ƙasa don kada gilashi ya kama, a kafa ɗan siririn karan ganyen rogo a tsakiyar kowane rami, a zuba garin kwalba kewaye da shi, launi bisa launi in ana son zane. Sai a sa cikin tanderu da aka gina da ƙasar suri, a ba shi wutar itace kamar rabin sa'a ko fiye kaɗan. Garin yakan manne ya zama dutse, karan rogon ya ƙone ya bar huji. In ya huce a goge shi a kan dutse da yashi da ruwa.

A can sana'ar tana da rai. Akwai kasuwar duwatsu a Koforiduwa kowace Alhamis. Akwai kuma gwani sananne a Odumase Krobo, Nomoda Ebenezer Djaba, wanda ake kira Cedi. A gidansu ya koya tun yana yaro, ya kai ga ana gayyatarsa ƙasashen waje ya koyar, yana kuma karɓar masu koyo. Amma a lura da abin da ya riƙe sana'ar. Mutanen Krobo da kansu suna sa duwatsun a bikin 'yan mata da aure da suna da jana'iza, suna gadonsu kamar yadda muke gadon gona. Kasuwar gida ce ta fara riƙe su kafin ta waje ta zo.

Mu fa, za mu iya?

Ga ƙasar suri, ga rogo, ga mata masu ginin tukwane da suka san yumɓu, ga maƙera da suka san wuta. Ta fuskar kayan aiki, ba abin da zai hana a yi aikin irin na Krobo a Ƙiru ko Doguwa. Amma kafin wata ƙungiyar matasa ta zuba kuɗin adashinta a ciki, ga abin da muke so ta auna.

Na fari, itace. Tanderun gilashi ba ya cin kara ko ƙirare, sai busasshen itace mai ƙarfi, kuma da yawa. Kowa ya san yadda itace ya yi wuya a ƙasarmu, ya san nisan da mata da yara suke tafiya nemansa. Dajin Falgore yana kusa, gaskiya ne, amma daji ne da hukuma ta keɓe, kuma ta cikinsa ne Kogin Kano yake biyowa kafin ya zuba a madatsar Tiga, wadda aka gama a 1974. In aka sare itatuwan, ruwan sama zai kwashe ƙasa ya zuba a madatsar, masu lambu su ne za su fara ji a jikinsu. Masu gawayi sun riga sun yi ɓarna isasshiya. A ganinmu, wanda bai dasa nasa itatuwa ba, dalbejiya ko wani iri mai saurin girma, har suka isa sassabe, bai kamata ya gina tanderu ba tukuna.

Na biyu, lafiya. Garin kwalba ba garin dawa ba ne. Yana shiga ido, yana shiga huhu. Mai daka ya rufe hanci da baki, ya kāre idonsa, ya yayyafa ruwa don kada ƙura ta tashi, ya yi nesa da inda ake girki da inda yara suke wasa. Turmi da rariyar da suka taɓa gilashi kada su koma ga abinci har abada. Akwai kuma gilashin da ba a taɓawa sam. Kwalbar da aka zuba maganin ƙwari ko na ciyawa a cikinta, a bar ta, wanki ba ya raba ta da dafi. Dogon ƙwan lantarki mai farin haske yana da guba a ciki. Gilashin tsohuwar talabijin kuma yana da dalma.

Na uku, wa zai saya? Wannan ita ce tambayar da akan bari sai ƙarshe, alhali ita ya kamata a fara yi. A tafi kasuwar Kurmi a Kano, wurin masu sayar da duwatsu, a tambayi nawa suke sayen tsarkiya guda ta aikin hannu, guda nawa kuma suke iya ɗauka a wata. Sa'an nan a zauna a lissafa damin itace nawa wuta guda za ta ci, da kuɗin launi, da zare, da kuɗin mota zuwa Kano da komowa, da waɗanda za su fashe, gama a shekarar fari masu fashewa za su yi yawa. In abin da ya rage bai kai ladan yinin ƙodago ba, to, an sami amsa tun ba a yi hasara ba.

Shawararmu ita ce a fara daga shiryawa, ba daga narkawa ba. Ƙungiyar mata tana iya sayo duwatsu a sari, ta shirya su a zare, abin wuya da na hannu da jigida, ta sayar lokacin bukukuwa da haɗa lefe. Jarin kaɗan ne, ba wuta, ba ƙura, ana yi a tsakar gida bayan an gama aikin yini. Ta haka za a san irin launi da girman da mutanenmu suke so. In ciniki ya kama har shekara biyu ko uku, sa'an nan a yi maganar aika yaro guda, ɗan gidan maƙera in da hali, ya je ya koyo wurin masu yi.

Duwatsun da suke cikin adakar tsohuwa

Akwai wata dukiya kuma da ta riga ta shigo gidajenmu. Tsofaffi da yawa suna da tsarkiyar duwatsu da suka gāda, a ƙulle cikin tsumma a ƙasan adaka ko cikin tukunya. Shekara da shekaru 'yan koli suna bin ƙauyuka suna sayen irin waɗannan da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, ko su musanya su da kwanon sha, su kai birni, daga can a wuce da su Turai da Amurka inda masu tara kayan dā suke biyan kuɗi mai yawa. Har akwai waɗansu manyan duwatsu, rawaya da kore, da 'yan kasuwar duniya suke kira duwatsun Kano, alhali a Hebron ta ƙasar Falasɗinu aka yi su. Ta Masar suka shiga Sudan. A shekarun 1930 wani jami'in Ingilishi a can, Arkell, ya rubuta cewa matan Sudan suna sayar da su da araha ga fataken Hausa. Fataken suka kawo su Kano, aka goge bakunansu don su zauna daidai a zare, sunan Kano ya bi su.

Ba mu ce kada a sayar ba, kowa da bukatarsa. Amma kada a sayar wa mutum na fari da ya yi sallama, kada kuma a tsinke tsarkiya a sayar da ɗai ɗai, gama a haɗe ta fi daraja. A nuna wa masu saye biyu ko uku a birni tukuna.

Ga yadda za a gane abin da ake riƙe da shi. Gilashi da dutse suna da sanyi in an ɗora su a kumatu, suna da nauyi, in an ƙwanƙwasa su a haƙori sukan yi ƙara. Roba ba ta da nauyi, ba ta da sanyi, in an gasa allura aka taɓa ta a bakin hujin sai ta nutse. Wanda inji ya matsa yakan zo da siririn layi a kewaye, inda bakin ma'aunin ya haɗu, kuma duka girmansu ɗaya. Na hannu kuwa ba biyu da suke daidai. Na Bida za a ga alamar naɗi tana zagaya hujin, da 'yan kumfa a cikin gilashin, wani lokaci da baƙin tsatsar tsinke a cikin hujin. Na Krobo jikinsa yana da ɗan kaushi kamar dutsen niƙa mai laushi, haske kuma ba ya ratsa shi sosai. Tsohon dutse da aka daɗe ana sawa, bakin hujinsa yakan cinye ya yi santsi saboda gugar zare da ta maƙwabcinsa. Kada a kankare shi ko a wanke shi da omo don ya yi sabo, masu saye wannan tsufan suke nema.